Labarin Kirikiri da Filayen Wasa na Challawa

  

Wanda ya fita birnin Kano ya kama hanyar Panshekara, ya bar Sharaɗa a bayansa, ba zai yi nisa ba sai ya iske Challawa, unguwar masana'antu ta ƙasar Kumbotso, wadda ta ci sunan kogin da ke kwance kudu da ita. Ita ce ta ukun unguwannin masana'antu na Kano, Bompai ce babbar yaya. A cikinsu duka, tsakanin wannan katanga da waccan, akwai filaye da ba a gina ba, akwai kuma harabobin kamfanonin da suka yi ta rufewa tun daga shekarun 1980, sa'ad da wutar lantarki ta yi wuya, kayan waje kuma suka cika kasuwa. Kullum la'asar sakaliya, in an tashi daga aiki, sai samari su kafa duwatsu biyu nan, biyu can, su jefa tamaula. Ran Alhamis da Juma'a, da ake hutun allo, almajirai ma su kan shiga.

Ƙasar filayen nan tsirara take. Da rani ƙura ce mai shiga ido da maƙogwaro, da damina kuwa taɓo da kududdufi. Inda wani abu ya tsiro, tsidau ne da ƙarangiya, ga fasassun kwalabe da guntayen ƙarfe, yara da yawa kuwa ba takalmi. Duk wanda ya dubi wuraren nan da idon tausayi zai ce a dasa musu ciyawa. To, samun ciyawar ba shi da wuya, tana nan bakin kogi ba mai saye. Ruwan da za a ba ta shi ne abin shawara, balle a Challawa.

Wataƙila wani ya ce ina ruwan malamai da filin tamaula. Amsa ita ce, keɓe fili domin amfanin jama'a, da tsare ciyawarsa, tsohon babi ne cikin fiƙihu. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe kwarin Naƙi'u a kudancin Madina domin dawakin Musulmi, Sayyidina Umar kuma ya keɓe Rabaza domin dabbobin zakka. An yi tseren dawaki a Madina tun zamanin Annabi, daga Hafya'u zuwa Saniyyatul Wada'i. A ƙasar nan kuma Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi littafi guda a kan hukuncin filaye, Ta'alimur Radi, inda ya yi bayanin raya mataccen fili da hukuncin hurumi. Wasan da zai ƙarfafa jiki, ba caca a ciki, ba tsiraici, ba ya kuma sa salla ta wuce, babu dalilin hana yaro shi. Tun da yake za su yi wasan nan ko an so ko an ƙi, gara su yi shi inda ƙusa ba za ta huda su ba.

Ciyawar da ake magana ita ce kirikiri, wanda wasu ke kira tsarkiyar zomo. Larabawan Masar suna ce masa najil, mutanen Indiya dub. Turawa kuwa sun laƙaba masa sunan Bamuda, wani tsibiri cikin tekun Atilantika, alhali ba can ne asalinsa ba, kai shi aka yi. Tun kafin wani jirgi ya tsaya a tsibirin yana nan a Afirka da Asiya. Ganyensa gajere ne siriri, kansa in ya fito ya kan rabu yatsu huɗu ko biyar kamar ƙafar kaza. Abin da ya raba shi da gamba ko kyasuwa shi ne, shi ba ya tashi sama, rarrafe yake yi. Yana miƙa jijiya bisa ƙasa, kowace gaɓa ta sami ƙasa sai ta kafa saiwa ta fid da sabon kai. Yana kuma miƙa wata jijiyar a ɓoye ƙarƙashin ƙasa, fara mai tsini. Saiwarsa kuwa, in ƙasar mai laushi ce, ta kan nutsa fiye da tsayin mutum, ko da yake galibinta cikin kamu ɗaya na sama take.

Wannan hali shi ya sa manomin fadama ba ya ƙaunarsa. In ya sassare shi da fartanya, kowane guntu ya zama iri, bayan mako biyu ya tarar ya ƙara yawa. Amma abin da ya zama aibi a gonar albasa shi ne abin nema a filin wasa. Kofato ya tone shi, ƙafa ta murje shi, 'yan kwanaki kaɗan jijiyar gefe ta rarrafo ta ɗinke wurin ba tare da an sake shuka ba. Irin su harkiya da gude-gude, masu tsirowa daga ƙwaya kowace shekara, ba su da wannan. Kaka na yi sun mutu, sai wata damina. Kirikiri kuma yana son zafi ainun, ranar bazara ta Kano ba ta kashe shi muddin akwai ɗan danshi. In ruwa ya ɗauke ɗungum sai ya bushe ya yi ja kamar matacce, alhali barci yake yi, jijiyar ƙasa tana da rai, ruwan farko na sauka ya farka. Sanyin hunturu ya kan rage masa tafiya. Abin da ba ya jurewa shi ne inuwa: ƙarƙashin darbejiya ko gindin doguwar katanga sai ya yi ta sirancewa har ya ɓace.

Mutanen Amurka, waɗanda suka daɗe suna zaginsa cikin gonakin auduga kamar yadda ake zaginsa a fadama, su ne suka mai da shi dukiya. Wani masanin tsirrai, Glenn Burton, a tashar gwajin noma ta garin Tifton cikin jihar Jojiya, ya fitar da wani iri domin kiwo a 1943. Daga baya aka juya ga filayen wasa, aka auratar da kirikiri na gama-gari da wani ɗan'uwansa mai laushin ganye daga Afirka ta Kudu, aka sami irin da ake kira Tifgreen a 1956, da Tifway a 1960. Wannan na biyun ya yi shekaru da yawa yana rufe filayen tamaula da na ƙwallon dawaki a ƙasashe masu zafi. Kyakkyawa ne, a cunkushe kamar darduma. Amma fa kamar alfadari yake, ba ya haihuwa. Ba shi da ƙwayar da za a shuka, tilas a sayo jijiyarsa a dasa, yana kuma bukatar taki mai yawa da injin yankan ciyawa mai aske shi ƙasa-ƙasa kowane 'yan kwanaki. Wannan na babban filin gwamnati ne mai ma'aikata da albashi. Filin unguwa, wanda samari za su riƙa kula da shi da langalanga, kirikirin gida ya fi masa. Ya fi kaushi, gaskiya ne, amma ya saba da yunwa da ƙishirwar ƙasar nan.

Kano ba baƙuwar manyan filaye ba ce. Akwai filin sukuwa da filin ƙwallon dawaki a waje, wajen Bompai, wasan da Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya ɗaukaka a Arewa cikin shekarun 1920, ɗansa Usman Nagogo kuma ya yi suna da shi har ƙasashen ƙetare. Akwai filin Sani Abacha na Ƙofar Mata, inda aka yi gasar matasa ta duniya a 1999, da gasar kofin Afirka a 2000, da ta 'yan ƙasa da shekara 17 a 2009. Wahalar riƙon ciyawa mai rai ta sa an shimfiɗa ta roba a wasu manyan filayen ƙasar nan, dabarar da ta yi suna a birnin Hiyuston na Amurka a 1966. Ita ba ta shan ruwa kullum, ba ta son taki. Amma in rana ta take ta kan yi zafin da mara takalmi ba zai iya taka ta ba, bayan shekara takwas ko goma kuma ta mutu, sai an sake sayo wata daga waje da kuɗin waje. Ba maganar filin unguwa ba ce.

To, yanzu sai lissafin ruwa, 'yan kasuwa su ɗauko alƙalami. Cikakken filin tamaula tsawonsa mita 105, faɗinsa mita 68, watau murabba'in mita 7,140. In ana so kirikiri ya zauna kore da rani, mafi ƙarancin abin da zai sha shi ne kamar ruwan sama inci ɗaya kowane mako. Inci ɗaya bisa murabba'in mita ɗaya lita 25 ne, watau jarka guda cif irin ta 'yan garuwa. Ke nan filin zai sha jarka 7,140 kowane mako, lita 178,500. In kurar ɗan garuwa tana ɗaukar jarka 12, kura 595 ke nan. Ranin Kano, daga ɗaukewar ruwa cikin Oktoba zuwa saukarsa cikin Mayu ko Yuni, bai gaza mako 30 ba. A ninka, a sami jarka 214,200, fiye da lita miliyan biyar, ga fili ɗaya tak, da bazara kuwa inci ɗayan nan ba ya isa. Kada a ce an yi ƙari. A ƙasar Katar, inda aka yi gasar kofin duniya a 2022, an ba da labari kowane fili yana shan lita 10,000 a yini da sanyi, lita 50,000 da zafi, ruwan teku ne kuwa da aka cire wa gishiri da tsada. Filin ƙwallon dawaki, mai yadi 300 da yadi 160, ya fi filin tamaula biyar.

Ina za a samo wannan ruwa? Ba daga famfo ba. Kogin Challawa shi ne ya fara shayar da birnin Kano ruwan famfo, tun da En'e ta gina gidan ruwa a bakinsa a farkon shekarun 1930, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, ana tura ruwan zuwa tanki bisa Goron Dutse. An daɗa gina madatsar Tiga bisa kogin Kano a 1974, da madatsar Challawa a ƙasar Ƙaraye a 1992, duk da haka jama'a ta yi yawan da unguwanni da dama 'yan garuwa ne ke shayar da su. Shari'a kuwa ta jera masu hakki a kan ruwa: ƙishirwar ɗan Adam ce gaba, sa'an nan ta dabba, sa'an nan shuka. Ciyawar wasa tana can ƙarshen layi. Wanda ya haƙa rijiyar burtsatse mai zurfi domin fili, rijiyoyin maƙwabta suka ƙafe, ya cuce su, ko da takardar izini a hannunsa.

Nan ne Challawa ke da jarrabawar da wasu wurare ba su da ita. Akwai wani ruwa a unguwar da ba ya ƙafewa rani da damina, ba mai saye ba mai sayarwa, yana gudu cikin kwatoci ya nufi kogi. Shi ne ruwan da kamfanoni ke zubarwa, mafi yawansa na kamfanonin fata. Duk mai fili da ya yi lissafin jarkokin nan, ya waiga ya ga kwata cike a gindin katanga, zuciyarsa za ta ce masa ya kafa injin ban-ruwa kurum. Masu lambu da yawa sun riga sun yi haka a bakin Salanta, wadda ke kwashe ruwan Sharaɗa, da bakin Getsi da Jakara, masu kwashe na Bompai da na birni.

Sai a san abin da ke cikin ruwan. Kano garin fata ne tun da daɗewa, fatar jar akuya ta bi ayarin raƙuma ta haye Sahara har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko. Majeman gargajiya da bagaruwa suke jima, da toka da sauran abubuwan da ƙasa ta san yadda za ta cinye su. Jimar kamfani dabam ce. Ana jiƙa fata a wanke gishirin da aka adana ta da shi, a tuje gashi da farar ƙasa da wani magani mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, sa'an nan a jeme ta da gishirin wani ƙarfe da ake kira kuromiyam, wanda ke sa ta fito shuɗi-shuɗi cikin yini guda maimakon kwanaki. Fata ba ta shanye maganin duka, ragowar ta bi ruwa. Doka ta hana zubar da shi haka nan. Tun bayan da aka gano dattin guba da aka jibge a garin Koko a 1988, gwamnatin tarayya ta kafa hukumar tsare muhalli, a 1991 aka wajabta wa kowane kamfani ya tace ruwansa kafin ya sake shi, a 2007 kuma aka kafa hukumar NESREA domin tilasta bin dokokin. Amma masana na Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello sun sha auna ruwan kwatocin unguwannin nan uku, su sami kuromiyam ya haura ƙa'ida. Ƙa'idar kuwa ƙanƙanuwa ce ƙwarai: Hukumar Lafiya ta Duniya ta iyakance shi cikin ruwan sha ga miligiram 0.05 a lita, watau giram ɗaya tak cikin jarka 800.

Kuromiyam iri biyu ne. Wanda ake jima da shi cutarsa da sauƙi, amma ya kan rikiɗa ya koma ɗayan, musamman in an ƙone tarkacen fata, wannan na biyun kuwa yana cin fatar mutum, shaƙar ƙurarsa kuma yana jawo ciwon daji. Ƙarfe ne, ba ya ruɓewa. In an ba fili ruwan nan shekara guda, ruwa ya tafi, shi ya zauna cikin ƙasar sama da saiwoyi, baɗi a ƙara masa. Filin wasa kuwa ba gona ba ne da mutum zai taka da takalmi ya fita. Yaro faɗuwa yake yi a kai, gwiwa ta ƙuje, ƙasa ta shiga rauni, ya share gumi da hannu, ya ci gyaɗa bai wanke ba.

Abin da ya fi ban tsoro shi ne halin kirikirin kansa. Yana cikin ciyayi masu jure gishiri, ruwan kamfanin fata kuma, da yake ya kwaso ruɓaɓɓen nama da gashi, yana da abincin tsiro a ciki. Saboda haka a watannin farko filin zai yi kore shar, har ya fi na maƙwabcin da ya ba nasa ruwan rijiya, mai shi ya riƙa nuna wa mutane yana cewa ga shaida. Ba shaida ba ce. Ciyawar da ta jure sara da fari za ta jure guba ta ɓoye ta. Sai an yi shekaru gishiri ya taru, ƙasa ta daskare ta yi fari-fari a sama, ruwa ya riƙa kwanciya ba ya nutsewa, sa'an nan kirikirin ma ya gaza, a tashi ba ciyawa ba ƙasa.

Almajirin da ya karanta babin tsarki cikin Ishmawi ko Risala ya riga ya san ma'aunin farko, tun kafin a kai kwalba jami'a. Ana duban ruwa ta launi da ɗanɗano da ƙamshi, in ɗayansu ya jirkita saboda najasa, ruwan ya zama najasa. Ruwan kwatar fata ba ya bukatar dogon bincike, hanci ya isa alƙali. Ruwa ba ya tsami banza. Samarin da ke wasa daga la'asar su kan ji kiran magariba suna fili, su yi alwala su yi sahu a gefe, da tufafin da suka yi birgima da su. Wanda ya jiƙa filin da ruwan kwata ya ɓata musu wurin salla da tufafin salla gaba ɗaya. Amma a lura, ma'aunin fiƙihu na tsarki ne, ba na guba ba. Ruwa ya kan fito daga matatar kamfani garau, ba launi ba wari, alhali da sauran ƙarfe da gishiri a ciki. Wannan sai awon masana, kuma ba sau ɗaya ba, domin abin da kamfani ya zubar yau ba shi ne zai zubar gobe ba. In an tace shi an auna an tabbatar, ba ciyawa shi ya fi zuba shi cikin kogin da ke gangarawa Tamburawa da Wudil. In ba a auna ba, a bar shi.

Akwai ruwa biyu da ake zubarwa banza, waɗanda ba su da wannan aibi. Na farko ruwan rufi. Kano ta kan sami ruwan sama wajen milimita 800 ko fiye a shekara, rufin kwano na kamfanonin Challawa kuwa manya ne. Rufin da faɗinsa ya yi daidai da filin tamaula zai tara lita miliyan biyar da ɗoriya a damina ɗaya, kusan abin da filin zai sha rani guda. Wahalar ita ce wurin ajiya, domin tafki buɗaɗɗe rana da iska su kan sha rabonsu, sauro kuma ya sami gida, yara su sami wurin nutsewa in ba a katange ba. Amma tanki madaidaici, rufaffe, ba ya fin ƙarfin kamfani ɗaya. Na biyu ruwan alwala. A mazhabar Malikiyya ruwan da aka yi alwala da shi mai tsarki ne, an dai ƙi a sake alwala da shi in akwai wani. Kowane masallaci na bakin kamfani yana zubar da shi sau biyar a yini. In an raba magudanarsa da ta bayan gida, aka bi da shi ta ramin tsakuwa da yashi zuwa gefen fili, ya isa ya raya ɗan wurin hutawa inda ma'aikata za su zauna su ci abinci.

Ko da an haɗa su duka, da wuya su riƙe cikakken fili kore shekara duka. Shawarar da ta fi ita ce a daina kwaɗayin koren da ake gani a talabijin. A bar kirikiri ya yi barcinsa da rani. Busasshiyar tabarmarsa ma tana danne ƙura, tana kuma hana tsidau wuri. Ɗan ruwan da aka tara a ba bakin raga biyu da tsakiyar fili, inda ƙafa ta fi yawa, a ba su sosai sau ɗaya a mako da asuba har ya nutsa, maimakon yayyafi kullum wanda ke sa saiwa ta zauna sama. A tuna kuma, mai barci ba ya ɗinke rauninsa. In aka yi ta wasa safe da yamma daga Janairu zuwa Mayu, kafin ruwa ya sauka an murje shi har jijiya. Sai a riƙa matsar da raga 'yan taku kowane wata, a kuma ba fili hutun kwana biyu a mako.

Kafin a sa garma, a tambayi dattawan wurin abin da aka taɓa zubarwa a filin. Wannan ya fi kome muhimmanci a Challawa da Sharaɗa da Bompai, domin fili da yawa da ake gani fayau tsohon juji ne na aske-asken fata da taɓon kwata. In akwai shakka a ɗebi ƙasa daga wurare dabam dabam a kai awo. In ta fito da ƙarfe, ko dai a sake wuri, ko a kawo ƙasa mai kyau a rufe ta da kaurin da bai gaza taƙi guda ba. Jijiyar dasawa ma a ɗebo ta daga fadamar da ke sama da inda kwatoci ke zuba, kada a kwaso cuta da hannu.

Aikin kansa kowane manomi ya iya. A tsince kwalba da ƙarfe, a yi huɗa, a baje da manjagara, a ɗan ɗaga tsakiya abin da bai fi taƙi ɗaya da rabi ba bisa gefe, domin ruwan marka ya sami hanya. A zuba taki ruɓaɓɓe, domin ɗanyen kashin shanu cike yake da ƙwayar ciyayi. In damina ta kankama, ƙarshen Yuni ko farkon Yuli, a tsaga layi-layi tsakaninsu taƙi guda, a kwantar da guntayen jijiya masu gaɓa uku ko huɗu, a rufe a bar kai a waje, a tattake. Wata biyu zuwa uku ya game fili. Cikin wannan lokaci ba wasa, ba akuya, a nan ne kuwa ake gane ko unguwa tana da shugaba. Aya-aya ita ce babbar kishiya, a bi ta da hannu tun tana ƙarama. Gara kuma tana son busasshiyar ciyawa, saboda haka kada a bar abin da aka yanka a jibge. Yanka a kai a kai shi ke sa ya bar tsawo ya yi faɗi, amma kada a ɗebe fiye da sulusin tsayinsa a yanka ɗaya. Darbejiya a jera ta daga yamma, nesa kaɗan da layi, 'yan kallo su sami inuwar la'asar.

Saura hakkin maƙwabci. In filin ya yi iyaka da gona ko lambu, tilas a haƙa rami kewaye, zurfin kamu guda, a riƙa datse jijiyar da ta yi niyyar tsallakawa, ko a kafa bulo a ƙasa. Wanda ya kawo kirikiri da hannunsa ya bar shi ya cinye lambun wani, shi ne da lamuni.

'Yan kasuwa kuma su san akwai ɗan abin samu a ciki. Kirikiri abincin doki ne mai kyau, tumaki ma suna sonsa, abin da aka yanka da damina in an shanya shi zai sami mai saye, kuɗin ya sayi taki da langalanga. Wanda ya keɓe eka guda a fadama mai tsabta yana renon jijiya zai sami makarantu da masu gidaje suna nema. Sai dai mai sayen ciyawa domin ragon layya ko saniyar tatsa ya tambaya daga wane fili aka yanko ta, da wane ruwa aka ba ta, domin abin da ya manne a ganye da saiwa cikin dabba zai ƙare. Ciyawar filin da aka rufe bisa tsohon juji ba ta kiwo ba ce, a haƙa rami can gefe a binne ta, kada a ƙone.

Wanda ya yi niyyar dasawa, lokacin kai ƙasa awo da tara taki da neman fadamar da za a ɗebo jijiya shi ne bazara, tun ruwa bai sauka ba. In aka yi jinkiri har marka ta wuce, jijiyar ba za ta nutsa ba kafin iskar kaka ta taso, sai a jira baɗi.